Gupi mai ado ko gama-gari, shi kaɗai ko cikin taro?

Ɗan ƙanwata da ke Tawa ya bugo mini waya wata Juma'a bayan la'asar, ko gaisuwa bai bari mun ƙarasa ba. Abokinsa ne ya turo masa bidiyo ta WhatsApp: kifin gupi shuɗaye kamar yanzu aka tsamo su daga marina, jela a baje, suna kai da kawowa cikin ruwa garau. "Kawu, irin waɗannan nake so, guda goma. Kuma zan haɗa su da wasu kifayen, akwatin ya cika ya yi kyau." Na ce, "Ɗana, adana kuɗin wayarka, zan rubuto maka." Abin da na rubuta masa ke nan, na ɗan faɗaɗa shi, tunda kusan duk baƙon da ya shigo falona a nan Yamai ya ga akwariyom, wato akwatin gilashi na kiwon kifi, sai ya yi mini irin wannan tambayar.

Tambayoyi biyu ya cusa cikin ɗaya. Ta farko, wane gupi: zaɓaɓɓe mai doguwar jela da tsayayyen launi, ko gama-gari wanda launinsa ya cakuɗe? Ta biyu, shi kaɗai a akwatinsa, ko cikin taron wasu kifaye? In ka tambayi mai sayarwa, duk wanda ka nuna da yatsa zai ce maka ya yi. Mai yanke hukuncin gaskiya shi ne watan Afrilu, daren da ɗaki ya koma tanda kuma wuta ta ɗauke.

Asalin gupi ba ɗan lele ba ne. Ɗan mitsitsin kifi ne na ƙoramu da kududdufan Tirinidad, Benezuwela, Guyana da maƙwabtansu, can arewa maso gabashin Kudancin Amurka. Wani Bajamushe masanin dabbobi, Wilhelm Peters, shi ya fara bayyana shi a kimiyyance a 1859, sannan a 1866 aka raɗa masa sunan Robert John Lechmere Guppy, mutumin da ya aika da shi Landan daga Tirinidad. A littattafai yanzu Poecilia reticulata ake ce masa. Daga baya aka yi ta kai shi ƙasashe masu zafi don ya ci tsutsar sauro, ya kuwa zauna daram har cikin magudanan birane, inda wani kifin ko kwana ɗaya ba zai yi ba. Namijin daji bai wuce santimita 3 da ɗan wani abu ba, jelarsa gajera, launinsa ɗigo-ɗigo. Mace takan kai santimita 5 ko 6, ba ta da wani ado.

Wanda yaron ya gani a bidiyo kuwa aikin hannun masu kiwo ne. Shekara da shekaru suna ware namijin da ya fi launi da faɗin jela, su haɗa shi da ƴarsa ko ƴar'uwarsa don kamannin su tsaya wuri ɗaya. Ta haka aka samu shuɗin da ake kira mosko, da kobra mai zanen fatar maciji, da mai baƙin rabin jiki, da ja zabiya mai jajayen idanu. Launi ya tsaya, amma auren gida in ya yi yawa yana cin ƙarfin jiki. Duk wanda ya taɓa kiwon kaji ya san wannan lissafin: kajin turawa sun fi nama da ƙwai, amma da bazara ta kama su ne ke fara zubewa, kazar Hausa tana ƙarƙashin rumbu tana haki ta tsira.

Jelar da ake sayen sa dominta ma kaya ce a gare shi. Tana da nauyi, tana ja masa gudu. In matatar ruwa tana turo ruwa da ƙarfi, za ka gan shi yana fama kamar mai tafiya da babbar riga cikin iska, har ya gaji ya laɓe a lungu. In wani kifi ya biyo shi ba zai tsere ba. In jelar ta ɗan yage, nan ruɓa ke samun ƙofa. Gama-gari mai gajerar jela ko matsakaiciya ba ruwansa da wannan duka.

Sai kuma inda ya fito. Mafi yawan zaɓaɓɓun gupi na kasuwar duniya daga gonakin kifi na Asiya suke, irin su Singafo, Tailan, Malesiya da Siri Lanka, kuma da yawa daga cikinsu cikin ruwa mai ɗan gishiri ake tashe su. Kafin kifi ya iso hannun mai sayarwa a Yamai ya sha jirgi, ya sha leda, ya canja ruwa ba sau ɗaya ba. Shi ya sa mutum zai saye shi lafiya lau, cikin mako biyu ya ga ya haɗe jela, ya daina cin abinci, ya tafi. Tambayar da ta fi "nawa ne?" amfani ita ce: "A nan aka haife shi, ko sauke shi aka yi?" Zaɓaɓɓen da aka haifa a wani gida a unguwar Yantala ko Talaje a nan Yamai, wanda iyayensa suka ga Afrilunmu, ya fi mini wanda ya ninka shi kyau amma jiya ya sauka. Kuɗi kuwa, abin da za ka ba da a namiji ɗaya zaɓaɓɓe zai cika maka leda da gama-gari, in ma ba kyauta wani mai kiwo ya ba ka ba don sun yi masa yawa.

Akwai na uku da ya cancanci a sa shi a layi, wato endila, ɗan'uwan gupi na jini daga wajen Kumana a Benezuwela. An sa masa sunan John Endler, wanda ya tsinto shi a can a 1975, kuma sai a 2005 aka ba shi nasa sunan na kimiyya, Poecilia wingei. Ya fi gupi ƙanƙanta, jelarsa gajera, launinsa kore da ruwan lemo da baƙi masu walƙiya, ga kuzari, ga jure ɗumi. Aibinsa ɗaya: yana barbara da gupi. In ka haɗa su, cikin ƴan watanni ba ka da endila ba ka da zaɓaɓɓe, sai ruwa biyu. Ruwa biyun nan dai suna da kyau kuma suna da ƙarfi, in ba tsarkin iri kake nema ba.

Yanzu ga maganar zafi, wadda ita ce ginshiƙin komai. Gupi yana jin daɗinsa tsakanin digiri 22 da 28. Yana iya daurewa a 30. Daga 32 zuwa sama rai ya fara kaiwa wuya. A Yamai da Tawa kuwa, Afrilu da Mayu rana tana wuce 40 ba tare da kowa ya yi mamaki ba, kuma bangon siminti yana riƙe zafin ya yi ta sakin sa har tsakar dare. Matsalar ba zafin kaɗai ba ce. Ruwa mai digiri 25 yana riƙe iskar oksijin kimanin miligiram 8 da ɗan ɗori a kowace lita, a digiri 35 ya sauko wajen 7. Ragin kamar bai taka kara ya karya ba, sai dai a daidai lokacin jikin kifi ya ƙara sauri, yana neman iska fiye da da, yana kashi fiye da da, ƙwayoyin halittar da ke zaune cikin matata suna cinye dattin kifi su ma suna jan rabonsu. Amoniyar da ke fita daga kashin tana ƙara dafi in ruwa ya yi zafi. Akwai kuma wata cuta, kolumnaris, mai sa farin abu kamar auduga a baki ko a gadon bayan kifi, wadda cikin ruwan zafi kwana ɗaya ko biyu ya ishe ta.

Na koyi wannan a shekarata ta biyu da fara kiwo. Akwati ne na lita 60, na cusa masa zaɓaɓɓun maza takwas, gama-gari biyar, da wasu ƙananan kifaye, tetra neyon shida da kori uku, ina ta nuna wa baƙi. Wani dare a ƙarshen Afrilu wuta ta ɗauke bayan isha'i. Da na farka wajen ƙarfe ɗaya na haska, ma'aunin zafi yana kan 33, kifayen duk sun taru a saman ruwa, baki buɗe, suna tsotsar iska. Na ɗauko moɗa na riƙa ɗebo ruwan ina kwararo shi daga sama don ya sha iska, uwargida tana riƙe mini da fitilar waya tana gyangyaɗi. Can ta ce, "Malam, kifi ne fa, ba jinjiri ba." Ban tanka ba. Da gari ya waye na tsame neyon shida cif da zaɓaɓɓu biyar. Gama-garin nan da ban taɓa ɗaukar hotonsu ba, ko ɗaya bai mutu ba, har suna neman abinci.

Abu biyu suka haɗu suka kashe su: raunin irin, da yawan bakin da ke shan iska daga ruwa ɗaya. Nan ne amsar tambayoyin yaron biyu suka haɗu. Kowane kifi da ka ƙara don akwati ya yi kyau a Janairu, bashi ne da za a biya a Afrilu.

Dabarun rage zafin ba masu tsada ba ne. Wadda ta fi aiki ita ce hikimar randa: ka buɗe murfi, ka sa ƴar fanka tana hura saman ruwa. Ruwan da ke tashi yana tafiya da zafi, kuma busasshiyar iskarmu ta Maris da Afrilu ta dace da wannan, za ka ga digiri biyu ko uku sun sauka. Sai dai ruwan zai riƙa raguwa kullum, ka cika shi, kuma cikon ba ya maye gurbin canjin ruwa, don dattin yana nan bai tashi da tururi ba. Ƙaramin famfon iska mai aiki da batir, ko irin wanda ake jonawa da batirin cajin waya, shi ne abin da zan ce a saya tun kafin kifi. Matatar soso, wadda iska ke tafiyar da ita a cikin akwatin, ta fi matatar lantarki dacewa da mu: ba ta tura ruwa da ƙarfin da zai wahalar da mai doguwar jela, ba ta zuƙe ƴaƴa, kuma in wuta ta daɗe ba ta dawo ba ƙwayoyin da ke cikinta ba sa shaƙewa su ruɓe kamar na rufaffiyar matata. Ƙanƙara kuma a rufaffiyar gora, ta yi iyo a sama ta narke a hankali. Kada a zuba ta kai tsaye, don faɗuwar zafi farat ɗaya ta fi zafin kansa illa. Ranar da abin ya tsananta ka kashe fitilar akwatin, ka rage abinci, ko ka hana su gaba ɗaya. Yunwar kwana biyu ba ta kashe gupi.

Inda aka ajiye akwatin ma rabin aiki ne. Bangon yamma da rana ke duka tun azahar, a'a. Kusa da taga, a'a. Ɗakin banko mai kauri ya fi ɗakin siminti mai rufin kwano nesa ba kusa ba. Ɗaki mai kilim, wato na'urar sanyaya ɗaki, kuma yana da nasa tarkon: in ana kunnawa da dare a kashe da safe, ruwan yana hawa da sauka kullum, wannan kuwa yana karya kifi. Girman akwati shi ne garkuwa, saboda ruwa mai yawa ba ya saurin zafi ba ya saurin sanyi. Ƴar kwalbar nan mai kama da ƙwarya da ake sa wa kifi a kan tebur, a ƙasarmu tukunya ce. Mai tsawon santimita 60, faɗi 30, tsayi 35 yana cin lita 63. Mai 80 da 35 da 40 yana cin 112. Lita ɗaya kilo ɗaya ce, ban da gilashi da yashi, saboda haka teburin roba ba zai ɗauka ba. In mai yankan gilashi zai haɗa maka, na milimita 6 ya isa waɗannan biyun, amma ka tsaya a kansa kada ya sa silikon ɗin banɗaki, wanda ke da maganin hana fumfuna. Guba ne ga kifi.

Hunturu ma yana da nasa haraji, musamman a Tawa, inda daren Disamba da Janairu kan sauko wajen digiri 15. Ƙaramin akwati sai ya faɗi ƙasa da 20, kwana kaɗan ka ga fararen ɗigo kamar an barbaɗa wa kifin gishiri. Na'urar ɗumama ruwa mai kashe kanta da kanta ke maganin wannan, kimanin wat ɗaya ga kowace lita. Zaɓaɓɓe yana bukatar fanka da bazara da na'urar ɗumi da hunturu, babu ragi. Gama-gari a akwati mai lita 100 cikin ƙuryar ɗaki sau da yawa yana ratsa sanyin Yamai da rufi kawai.

Ruwan garuruwan biyu ba ɗaya ba ne, kuma ta wannan fanni Tawa na iya fin Yamai sa'a. Gupi yana son ruwa mai ɗan nauyin ma'adinai, mai alli a ciki, wanda ba shi da tsami. Ruwan famfon Yamai daga kogin Isa ake ɗebo shi a tace a Gudel, ruwan kogin kuwa mara nauyi ne. Magani mai sauƙi: ɗan garin ƙumba, irin wanda masu kiwon kaji ke sa wa masu ƙwai a abinci, a wanke shi a ƙulle a ƙyalle a sa cikin akwati. A Adar, wato yankin Tawa, dutsen farar ƙasa ba abin nema ba ne, shi ya sa ma masana'antar siminti take Malbaza. Ka ɗiga wa dutse lemun tsami, in ya yi kumfa shi ne. Wani ya taɓa ce mini kanwa yake jefawa. Kada ka yi: kanwa tana harba pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, sama a take, kuma ba ta ƙara allin da kifin ke bukata. Ruwan foraj kuma kowace rijiya da halinta, sai an gwada da ƴar takardar gwaji. Ruwan famfo mai warin jabel, wato kulorin, a bar shi a buɗaɗɗen bido cikin inuwa kwana ɗaya ko biyu, ko a ɗiga masa maganin kashe kulorin. Da rana tsaka a bazara kada ka tara daga famfo ka zuba, ruwan da ya kwanta a bututu kusan na shayi ne. Canjin rubu'in ruwa zuwa sulusi duk mako ya isa. Sabon akwati kuma yana ɗaukar mako huɗu zuwa shida kafin ƙwayoyin da ke cinye amoniya su kafu, sai fa in ka roƙi tsohon soso daga wurin wanda ya riga ka.

To, su wa za a zaunar da gupi tare da su? Bari in fara da waɗanda ake yawan sayar wa sabon shiga kuma bai kamata ba. Jan kifin nan na zinari ɗan ruwan sanyi ne, mai yawan kashi, yana girma ya haɗiye duk abin da ya shiga bakinsa. Barbu mai ratsin damisa ɗan iska ne: na taɓa zuba huɗu da yamma, kafin hantsi jelar wani jan namiji da nake ji da shi ta koma kamar tsumma, ba ta sake cika ba. Sikalar, mai faɗin nan mai tafiyar sarauta, yana jure ɗumi, amma yana girma ya mai da ƴaƴan gupi abincin safe, ya kuma ciji jelar manya. Kombatan namiji, wanda wasu ke ce wa beta, shi kam ya dace da zafinmu don yana shaƙar iska daga sama, sai dai idan ya ga gupi mai baje jela yakan ɗauka kishiya ce aka kawo masa. Tetra neyon yana son ruwa mara nauyi mai ɗan sanyi, akasin abin da gupi ke so, kuma na riga na faɗi yadda nawa suka ƙare. Mai lasar gilashi da za a ce maka "shi ke share akwati" yana iya wuce santimita 30, kuma kashin da yake yi ya fi abin da yake sharewa. Yara kuma za su kawo maka ƴan karfasa ko tarwaɗa daga bakin kogi cikin gwangwani, da zuciya ɗaya. Ka yi godiya, ka sa su wani wuri. Tarwaɗa da dare take kiwo, da safe sai dai ka ƙirga abin da ya rage.

Waɗanda suka dace ba su da yawa. Moli ɗan gidansu ne, yana son ruwa mai nauyi, yana jure zafi, amma ya fi gupi girma da ci, mazansa kuma suna da fitina, saboda haka sai akwati mai lita 100 zuwa sama. Pilati yana da sanyin hali da launuka masu kyau, sai dai zafi ya fi damun sa fiye da moli. Kori, ɗan ƙaramin kifi mai gashin baki da ke yini yana tonon yashi, maƙwabci ne na kirki, ba ya taɓa kowa, amma yana son yashi mai laushi, yana son ƴan'uwansa biyar ko shida a kusa, kuma shi ma in ruwa ya daɗe sama da 28 yana wahala. Ansistirus, ƙanen mai lasar gilashi wanda ke tsayawa wajen santimita 12, guda ɗaya ya isa.

Ka lura da abin da wannan ke nufi. Kifin garke ba a sayen sa ɗaya ko biyu, sai shida. Iri biyu ka ƙara, ka ƙara baki goma sha biyu. Akwatin lita 60 da zai riƙe gupi takwas zuwa goma cikin kwanciyar hankali ba shi da wannan wurin. Akwai kuma maganar magani. In gupi kaɗai ne, da ka ga alamar ciwo kana iya sa ɗan gishiri, yana ɗauka lafiya lau. In akwai kori da tsirrai, hannunka ya ɗaure, don ba sa jure gishiri. Kowane sabon kifi kuma yana iya shigowa da cutar da shi ba ta kayar da shi ba amma za ta kayar da zaɓaɓɓe, sai in kana da wani ƙaramin akwati da baƙo zai yi mako biyu ko uku a ciki tukuna.

Abin da taro ya fi da shi, ban da daɗin kallo, shi ne rage haihuwa. Gupi ba ya ƙwai, haihuwa yake yi, mace tana saukewa kusan duk mako huɗu, ƴaƴa ashirin, talatin, babbar uwa ta fi haka. Tana kuma ajiye maniyyin namiji a jikinta, ta yi ta haihuwa wata da watanni ko da an raba su, saboda haka macen da ka sayo daga akwatin da ke da maza, da ciki ka sayo ta. Ƴaƴan suna balaga cikin wata biyu zuwa uku. Mata uku kacal, yi lissafi da kanka. A taro maƙwabta suna cinye mafi yawan ƴaƴan, kai kuma ka huta. A akwatin gupi zalla, iyayen suna cin wasu, amma sauran sun isa su cika maka ruwa daidai lokacin da bazara ke ƙaratowa. Dole ka san wanda za ka ba. Abu ɗaya dai: kada a zuba su a kogi ko tabki, don inda aka saki gupi sau da yawa yana danne ƙananan kifayen wurin. Tankin ruwa ko kwamin lambu da sauro ke ƙyanƙyasa a ciki, wanda ba ya malala ko'ina, nan ne wurin aikinsu.

In za a haɗa maza da mata, kowane namiji a ba shi mata biyu ko uku, in ba haka ba za su bi mace ɗaya har ta galabaita. In kuma ana son ƴaƴa su tsira, kainuwa ta fi duk wani abin roba da ake sayarwa. Tana yi wa ruwa inuwa, tana shan datti, saiwoyinta kuma maɓoya ne. Na sha tsugunawa da asuba in ga ƴan jarirai kamar tsinke mai ido biyu, maƙale cikin saiwar, uwar tana zagaye a ƙasa tana neman su. Sai dai kainuwar bakin kogi tana zuwa da baƙi: matsattsaku, ƴaƴan mazari masu cin ƙananan kifi, da ƙananan katantanwa waɗanda wasunsu ke ɗauke da tsargiya. A wanke ta sosai, ta yi kwanaki a bokiti ita kaɗai ana dubawa, kuma kada a bar ta ta rufe saman ruwan duka.

Wani abin da ba ya cikin bidiyon ƙasashen waje: maganin sauro na fesawa. Ɗan kaɗan ɗinsa yana kashe kifi, zaɓaɓɓe da gama-gari duka. Kafin a fesa ɗaki a kashe famfon iska, a lulluɓe akwatin da jiƙaƙƙen zane, kada a buɗe sai iska ta wanke ɗakin. A gaya wa duk mutanen gida, don yawanci ba mai kifin ne ke fesawar ba.

Ga yadda na raba masa. Zaɓaɓɓe cikin taro, shi ne abin da ya roƙa, kuma shi ne mafi muni ga sabon shiga: kifi mafi rauni a wuri mafi cunkoso. Zaɓaɓɓe shi kaɗai zaɓi ne mai kyau ga wanda ke da fanon wutar rana da batir, da ɗaki mai sanyi, wanda kuma ya riga ya ratsa bazara ɗaya da kifi a hannunsa. A nan ne kawai launin zai tsaya, don da zarar jini ya cakuɗe jikokin suna komawa kamannin kakanninsu na daji. Gama-gari cikin taro yana yiwuwa a lita 100 zuwa sama, da iri ɗaya tak na maƙwabta, kori ko moli, ba duka ba. Wanda kuwa burinsa akwati ya yi kama da ranar kasuwa, akwai hanya mai arha da ba a cika faɗa ba: maza zalla, takwas ko goma, gama-gari da ruwa biyun endila, kowanne da kalarsa. Ba haihuwa, ba mai cin wani. Za su riƙa bin juna suna baje jela, amma in sun kai shida zuwa sama fitinar tana rarrabuwa, ba ta taruwa a kan ɗaya.

Lokacin farawa kuma Nuwamba ne, zafin bayan damina ya lafa, akwati zai samu wata biyar ya kafu kafin gwaji ya zo. A Nuwamban na aika masa nasa. Na hana su abinci kwana ɗaya don kada su ɓata ruwan hanya, na sa su a leda biyu-biyu, sulusi ruwa sauran iska, cikin kwali da tsummoki, na ba wani ɗan unguwarmu da zai bi motar asuba, kimanin kilomita 550 ta Doso, Dutsi da Ƙonni. Maza biyu da mata huɗu, duka haihuwar falona, da tsohon soso a jiƙe, da kainuwa cikin hannu ɗaya. Da magariba ya kira, ya ce sun iso da rai, sannan ya ɗan yi shiru.

"Kawu, shuɗin fa?"

Na ce, "In ruwan farko ya sauka waɗannan suna nan, ka kira ni."